Karatun Ɗaukar Hoto da Sinadaran Nukiliya: Abin da Ɗalibin Zamfara Ya Kamata Ya Sani

A cikin fannonin da muke karanta a sashen radiyogirafi, wato ilimin ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, babu wanda ya ja hankalina kamar likitancin nukiliya, kuma shi nake fatan ƙwarewa a kai bayan na kammala digiri. Hoton Eksre da aka saba da shi a asibitocin Gusau da Talatar Mafara daga waje yake haska jiki, ya nuna siffar ƙashi ko huhu. A wannan fanni kuwa, ana sa wa majiyyaci ɗan sinadari mai fitar da radiyeshin, yawanci ta allura, sinadarin ya tafi gaɓar da ake son dubawa, sannan kyamarar gama, wadda Hal Anger ya ƙirƙira a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta kama hasken da ke fitowa daga cikin jiki. Abin da ake gani shi ne yadda ƙoda ko zuciya ke aiki, kuma sau da yawa akan gano bazuwar ciwon daji a ƙashi tun kafin Eksre ya nuna komai.

Babu mai shiga wannan sana'a kai tsaye daga sakandare. Hanyar da aka fi bi a Najeriya ita ce digirin radiyogirafi na shekara 5, wanda ake yi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano da wasu jami'o'in, kuma a JAMB ana rubuta Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji. Bayan digiri sai shekara guda ta sanin makamar aiki, da rajista da hukumar RRBN mai yi wa ma'aikatan radiyogirafi rajista, wadda aka kafa a 1987, sannan hidimar ƙasa, kafin a nemi horo na musamman.

Wanda yake gudun lissafi, gara ya sake shawara tun da wuri, domin agogo ne ke mulki a wannan aiki. Sinadarin da ake yin mafi yawan gwaje-gwaje da shi, wato teknishiyam-99m, ƙarfinsa yana raguwa zuwa rabi duk bayan awa 6. Abin da aka auna da ƙarfe 8 na safe ya zama rabi da ƙarfe 2 na rana, washegari da safe kuma kashi 1 cikin 16 ne ya rage. Saboda haka ba a ajiye shi a kantin magani. Ana shigo da wata tukunya mai kaurin dalma da ke ɗauke da molibdenam-99, wanda shi sai bayan awa 66 yake komawa rabi, kuma yana rikiɗewa zuwa teknishiyam a hankali. Kowace safiya ma'aikaci yakan ratsa ruwan gishiri ta cikin tukunyar ya tatso abin da ya taru, kamar yadda ake tatsar saniya, sai dai kullum abin da ake samu yana ja da baya har tukunyar ta ƙare cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan majiyyaci ya makara da awa 2, dole a sake lissafin abin da za a zuƙa a sirinji.

Wannan gaggawa ce ke bayyana ƙarancin cibiyoyin a ƙasarmu. Molibdenam ɗin daga wasu tsirarun tukwanen nukiliya yake fitowa a duniya, ciki har da SAFARI-1 na Afirka ta Kudu, kuma yana cikin jirgi ma ƙarfinsa na tafiya. Tukunyar nukiliya ta NIRR-1 da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarama ce, an yi ta ne domin bincike da horo, ba don samar da molibdenam ba. Cibiyoyin gwamnati da aka fi sani su ne na Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja, waɗanda suka tashi da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Da kawuna ya ji haka, cewa ya yi: "To kai yaro, karatun da sai Abuja ake cin abinci da shi, mu kuma fa?" Tambayarsa tana kan hanya. Amsar da na ba shi ita ce: "Kawu, ku kwantar da hankalinku, digirin da kansa yana ba ni aikin Eksre da sikanin a kowane asibiti, ƙwarewar ƙari ce a kai." A ganina duk ɗalibin da zai bi wannan hanya ya riƙe wannan tsari.

Batun kariya shi ne aka fi tsananta mana. Ƙa'idar duniya ita ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 (ma'aunin radiyeshin da jiki ya ɗauka) a shekara idan aka ɗauki matsakaicin shekara 5, kuma a nan hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya ce ke sa ido. Ana maƙala ɗan ma'auni a ƙirjin riga, ana rage lokacin tsayawa kusa da sinadari, ana ja da baya, domin ninka tazara sau biyu yana rage radiyeshin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sirinjin da kansa cikin kube na dalma ko tangistin yake. Ga ɗan Zamfara da ya san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, ganin wannan ƙarfe a matsayin garkuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya zauna a zuciya.

Akwai ɓangaren da littafi ba ya wadatarwa. Kafin a yi wa mace allura wajibi ne a tabbatar ko tana da ciki ko tana shayarwa, kuma matar aure daga Gummi ko Shinkafi ba za ta buɗe baki ta gaya wa ma'aikaci saurayi ranar al'adarta ta ƙarshe ba, balle idan surukarta ce ta rako ta. Haka wanda aka ba aidin-131, wato aidin mai fitar da radiyeshin, domin ciwon tayirod (gaɓar da ke gaban wuya), wanda ƙarfinsa sai bayan kwana 8 yake komawa rabi, ana umartarsa ya nisanci yara da masu ciki na wasu kwanaki, ya ware kwanonsa da shimfiɗarsa. A gidan da mutum goma ke shiga bayi ɗaya, sai wanda ya san gidan da harshen zai iya tsara wa iyali yadda za su yi. Wannan ne ya sa nake ta nanata wa ƙannena mata da ke ajin kimiyya cewa kada su tsaya a kan aikin jinya da ungozoma kaɗai idan sun zo cike fom ɗin JAMB.