Ya iya ƙirga ɗari, bai iya miƙo ƙosai uku ba

Ranar Asabar na je gidan 'yar ƙanena, na tarar ta tsayar da yarinyarta a tsakar gida, yarinyar da ko shekara uku ba ta cika ba, ta saita mata waya tana ɗauka. "Wan, tu, tiri..." Da ta kai fiftin sai ta tsallaka sebintin, uwar ta daka mata tsawa, a koma farko. Sau huɗu a gabana. Na ce, "Ke, bar ta ta sha iska mana." Ta ce, "Goggo, ai zamani ya canja, 'yar maƙwabciyata ta kai hamsin."

Babu abin da ya canja. Waya ce kawai ba mu da ita a lokacinmu.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, yana da shekara uku da 'yan watanni na sa shi ya haddace ɗaya zuwa ɗari da Turanci. Lokacin ina koyarwa a firamare, da sabuwar takardar shaidar malanta ta NCE, ina ji da kaina. Na sa kafinta ya yi mini ƙaramin allo, kullum bayan la'asar muna gabansa, tsumagiya a gefena. In baƙi suka zo sai in kira shi, ya goye hannu a baya ya zubo, a yi ta "tubarkalla, ɗan malama".

Ba mugunta ba ce, Allah ya sani. Ni ce mace ta farko da ta yi boko a danginmu, ga kishiya, kowa ya zuba ido ya ga abin da karatun nawa zai haifar. Kuma hadda ai ba laifi ba ce, da ita muka tashi a makarantar allo. Haka nake gaya wa kaina har yau, wani lokaci in yarda, wani lokaci in ƙi.

Wata safiya ƙosai na cikin kwano, na ce ya miƙo mini uku. Ya ciko hannu biyu. Na ce uku na ce. Ya koma yana ƙirgawa, baki na gudu yatsa na binsa a baya, ya taɓa wani sau biyu, ya tsallake wani, ya tsaya a faib. Na ce nawa ne? Sai ya sake farawa daga wan. Bai san lambar da ya tsaya a kanta ita ce yawan abin ba. Waƙa na koya masa. Maimakon in gane, na kai masa mari.

Abin kunyar, an koya mana wannan a kwaleji. Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, yakan jera abubuwa layi biyu daidai wa daida, sai ya baje layi ɗaya a gaban yaro. Ɗan shekara huɗu zai ce mai tsawon ya fi yawa, sai wajen shekara shida ko bakwai yake gane yawan bai motsa ba. Na rubuta a jarrabawa na ci, na ɗauka da 'ya'yan wasu ake.

Yaron nan har ya gama sakandare ranar lissafi ranar ciwon ciki ce. Ko ni ce sila? Mahaifinsu ma ba gwani ba ne, kada a ɗora mini duka. Sai dai autata, da na gaji ban koya mata komai ba, a gindin kakarta mai awon gyaɗa da gwangwani ta tashi, tana 'yar carafke da ƙawaye, kuma ita ce ta fi yayyenta duka iya lissafi.

Na zauna da niyyar rubuta muku, ku iyaye, shawara goma, na ga ba su kai ba. Ku ƙirga abin da hannu ke taɓawa: cokula, takalma a bakin ƙofa, yatsu lokacin wanka. Kada ku wuce biyar sai ya iya miƙo uku ba kuskure. Jariri kuwa magana ta ishe shi, "ƙari?", "ya ƙare", "babba", "ƙarami". Kada a ba ɗan ƙasa da shekara uku gyaɗa ko tsakuwa ya ƙirga, baki zai kai. Ku yi da Hausa, domin "goma sha ɗaya" da kanta take faɗin abin da ke cikinta, "ilebin" ba ta faɗin komai. To, na san makarantun kuɗi na yi wa yara gwaji da Turanci kafin a ɗauke su, ku bar shi ya rera ɗin, amma ku san waƙa ce. Wayar ma ku ajiye. Ko da yake jikana a waya ya koyi da'ira da murabba'i, ba zan yi ƙarya ba. Ku ne dai matsalar, minti goma ba kwa iya zama a tabarma da ɗanku sai duniya ta gani.

Kafin in tafi na zube cokula a gaban yarinyar, na ce ta ba ni biyu. Ta ba ni biyu cif. Na ce uku, ta kwaso duka ta zuba mini a cinya tana dariya. Uwar ta ce, "Goggo, don Allah ku sake na biyun, ban ɗauka ba."