Inji na kuka, jirgi na jan ƙafa: mako na uku a tafkin Lagdo

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da aiki. Yau mako uku ke nan ina fama da jirgin da na saya a hannu a Lagdo da ke arewacin Kamaru, kuma na ce duk abin da na gano zan rubuta muku, har da inda na tafka wauta.

Ga wanda bai san labarin ba: jirgin katako ne, tsawonsa wajen mita tara, da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ya kwana biyu a duniya, fentin murfinsa ma ya koɗe. Wanda ya sayar mini ya rantse cewa gudu sai ka ce iska. Ranar farko na murɗa totur har ƙarshe, na duba GPS a waya, sai ga kilomita 19 a awa. Wani yaro a ƙaramin kwalekwale mai injin doki 15 ya wuce ni yana ɗaga mini hannu.

Makon farko asara ce kawai. Na kwance kafireta na wanke, na sayi buji sababbi (fulogi, in ji mutanenmu na Yola), na canza tiyon mai. Inji ya daina tari da safe, amma gudu yana nan yadda yake. Sai na kai kuka wurin wani dattijo da ke gyaran injunan masunta a bakin ruwa. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, "Ɗana, in ka buɗe shi duka, juyi nawa yake yi?" Na ce, "Baba, ban auna ba." Ya ce, "Kai da ba ka san ciwon ba, maganin me kake ta saye?"

Ya ara mini wani ɗan ma'aunin juyi da bai fi akwatin ashana girma ba. Wayarsa ake naɗawa a jikin wayar buji, shi ke nan. Ku kula dai, wasu injuna masu silinda biyu suna ba da wuta sau biyu a juyi ɗaya, in ba a saita na'urar daidai ba sai ta ninka maka lissafi ka ɗauka injinka aljani ne.

Wannan inji an yi shi ne ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan totur na buɗe gaba ɗaya. Lambar da ka samu ita ce ke raba maka hanya biyu. In juyi ya gaza 4,500, ko dai inji ba ya ba da ƙarfinsa, ko an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. In kuwa juyi ya kai ko ya zarce amma jirgi ba ya tafiya, ƙarfi na nan, a ruwa yake zubewa: farfela na zamewa ko tana shan iska. Da na san haka tun farko da kuɗin bujina suna aljihu.

Na yi awon da sassafe kafin iska ta tashi, mu biyu da tanki cike. Amfanin tafki ke nan. A kogin Binuwai wajen Garwa ruwa na tafiya, sai ya ƙara maka gudu ko ya rage. A nan bayan madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, ruwa a kwance yake. Duk da haka na yi zuwa na yi dawowa na raba biyu, saboda iska. Sakamako: juyi 3,900. Ke nan muna hanyar farko.

Abin da muka fara kamawa ya ba ni kunya. Baba ya kashe inji, ya cire murfi, ya ce in murɗa totur iyakar ƙarfina. Ya sa yatsa ya tura ƙarfen da ke buɗe bakin kafireta, sai ga shi ya ƙara motsawa. Ashe wayar totur ta saki, hannuna ya kai ƙarshe amma kafireta ba ta gama buɗewa ba. Ni da na kwance wannan kafiretar da hannuna ban lura ba. Minti goma muka ɗaure ta. Juyi ya koma 4,200, gudu 21.

Maganar mai ba zan daɗe a kai ba, kun san zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya. Na zuba kaɗan a kwalba na ajiye, ruwa ya kwanta a ƙasa kamar faɗin farce. Na wanke tanki, na koma haɗin da ya dace, rabin lita na baƙin mai a lita 25 na fetur. Tsohon mai jirgin yana zuba fiye da haka wai don inji ya daɗe, shi ya sa tsofaffin bujin suka yi baƙi ƙirin. Ku riƙa kwance ɗan murfin iskar da ke kan tanki kafin ku tashi. In kwan roban da ke jikin tiyon mai, wanda ake matsawa, ya lotse kuna cikin gudu, mai ne ba ya isowa.

Farfela ce ta fi cinye mini lokaci, kuma ita ce ta fi koya mini abu. A jikinta akwai rubutu, sai da na kankare datti na gani: 11 1/8 x 13. Lamba ta farko faɗinta ne da inci. Ta biyu ita ce takunta, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya da ruwa ba ya zamewa, kamar yadda noti ke shiga a kusa. Taku 13 na jirgi marar nauyi ne. A jirgin katako mai mita tara daidai yake da ka hau tudu da babur a giyar ƙarshe: inji na gurnani, hayaƙi na tashi, tafiya babu. Ni a da na ɗauka babbar lamba ita ce gudu, har ina shirin neman 14. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, duk inci ɗaya da ka rage juyi na ƙaruwa da wajen 150 zuwa 200. Ga shi kuma kunne ɗaya na farfelar ya lanƙwashe, da alama ta taɓa cin karo da kututture. Baba ya ɗauko tsohuwar 11 5/8 x 11 daga cikin buhunsa muka ɗaura. Juyi 4,600, gudu 23, kuma kukan injin ya washe, ya daina wannan nishin.

Da muka zare farfelar mun tarar da zaren kalli ya naɗe a bayanta tam. Wannan zaren shi ke yanka robar da ke tare man giya. Na kwance kusar ƙasa na ɗiga man a tafin hannu, Allah ya taimaka bai koma kalar madara ba, ruwa bai shiga ba tukuna.

Ga waɗanda matsalarsu ta hanya ta biyu ce, juyi sama gudu ƙasa: a tsakiyar farfela akwai roba da ke riƙe ta. In ta mutu, ciki na juyawa kunnuwa na baya. Ja layi ɗaya da fenti daga tsakiya zuwa jikin farfelar, ka yi gudu ka dawo. In layin ya rabu biyu, ka sami ɓarawonka.

Shekaranjiya muka taru mu shida muka jawo jirgin tudu muka kifa shi. Gansakuka ta rufe cikinsa kamar bargo, ga wani facin gwangwani da bakinsa ya ɗaga yana tare ruwa. Na kankare, na buga facin ya kwanta, na shafe da kwalta. Na kuma matsar da ƙarfen da ke saita karkatar inji rami ɗaya waje, domin a da hancin jirgi na nutsewa yana huɗar ruwa kamar garma. Na gwada rami biyu, sai hanci ya riƙa tsalle, na dawo da shi. Awon jiya: juyi 4,800, kilomita 26.

Saura abu biyu. Faifan da ke saman farfela ya kamata ya yi kusan daidai da ƙasan jirgi, nawa kuwa ya nutse da yatsu huɗu, ƙafar inji na jan ruwa a banza. Kafinta zai ƙara mini katako a mazaunin inji ranar Laraba. Sannan ban auna matsin silinda ba. Baba ya ce abin dubawa shi ne kada tazarar biyun ta wuce kashi 10 cikin ɗari, ma'auninsa kuma yana Garwa wurin ƙaninsa. In akwai mai zuwa Lagdo daga can a wannan makon, ya taimaka ya taho mana da shi.