Kalmar "zurfi" da 'ya'yana uku

Na daɗe da daina ba yarana ma'anar kalma irin ta ƙamus idan suka tambaye ni, domin na lura cewa sukan haddace bayanin tsaf, amma da zarar an ce su yi amfani da kalmar sai su yi turus. A 1987 masana biyu a Amurka, George Miller da Patricia Gildea, sun bayyana abin da ke faruwa idan aka bar yara da ƙamus: yaro yakan tsinci guntun bayanin da ya gane, ya gina jimla a kansa, sai jimlar ta fito bambaraƙwai. Abin da nake yi yanzu shi ne in saka kalmar cikin jimla, kuma jimlar ta dace da inda karatun yaron ya kai.

Kwanan baya kalmar "zurfi" ce ta taso. Ga autana, wanda har yanzu yake bin baƙaƙe da yatsa, na rubuta: "Ramin yana da zurfi, ba na ganin ƙasansa." Da na tsaya a "Ramin yana da zurfi" kawai, da ban koya masa komai ba, tunda za a iya cire zurfi a sa faɗi ko duhu, jimlar ta zauna daram. Rabin nan na biyu shi ne yake ɗauke da ma'anar, kuma a nan ne yawancin misalan da nake gani a littattafan yara suke gazawa.

Yayarsa ta samu wadda ta fi tsawo: "Kogin ya ƙara zurfi bayan ruwan sama, har ruwan da ke tsayawa a gwiwa ya kai ƙirji." Babbar kuwa, da take karanta labari ita kaɗai, na ba ta "Mutumin nan yana da zurfin ciki, ko matarsa ba ta san abin da ke damunsa ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ai ni da na ɗauka mai zurfin ciki shi ne wanda ba ya ƙoshi." Ashe ta sha jin maganar, ba ta dai taɓa cin karo da ita a jimlar da ta warware mata ita ba.

Sharaɗin da na fi kiyayewa shi ne kada baƙuwar kalma ta wuce ɗaya a jimla. Binciken masanin koyon harshe Paul Nation da abokiyar aikinsa a 2000 ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Wannan ne ya sa rubuta wa autan jimla ya fi ba ni wahala, domin kalmomin da yake iya karantawa kaɗan ne, kuma sau uku na soke tasa kafin ta yi daidai.