Yadda nake tantance sulken Rumawa daga zanen coci

Kayan yaƙin Rumawan Gabas, wato daular da ta yi mulki daga birnin da a yau ake kira Istanbul, da suka tsira har yau kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa mai son sanin shigar sojansu dole ya koma wa zanen coci, da sassaƙen hauren giwa, da littattafan addu'a masu hoto. A nan ne ake ganin waliyyan Kirista mayaƙa, irin su Jojiyos da Dimitiriyos da Tiyodoros, sanye da sulke. Sai dai mai zanen waliyyi yake zanawa, kuma sau da yawa kwafar na gabansa yake yi. Don haka ba na karɓar shaidarsa sai na gwada ta.

Abin da nake fara tambaya shi ne daga ina ya kwafo. Naɗaɗɗen littafin hotunan labarin Yusha'u da ke Batikan, fadar Paparoma, aikin ƙarni na 10 ne, amma sojojinsa na sanye da shigar Rumawan da, mai sulken ƙirji kamar an zuba shi a jiki. Idan na ga irin wannan ƙirji, da alkyabba maƙale a kafaɗar dama, da igiyoyin fata suna reto a ƙugu, sai in ɗauke su a matsayin abin da aka gada daga tsohon zane har sai wata hujja ta zo.

Daga nan sai in ƙura wa faranti ido, wato ƙananan fallayen da ake haɗa sulke da su, don nan aikin yake. Akwai sulken ɓawo, wanda ake ɗinka ƙananan faranti a jikin fata ko ƙyalle, kowane layi ya rufe na ƙasansa, bakin farantin yana kallon ƙasa. Akwai kuma kilibaniyon, inda ake ɗaure farantin da junansu, layin ƙasa ya hau na sama, zagayayyen bakin yana kallon sama. Ina faɗaɗa hoton in ƙirga layuka daga wuya zuwa ƙugu, in duba ko akwai ɗigon ƙusa ko ramin igiya, in ga ko akwai siririn zare na fata tsakanin layi da layi. Hoton Sarki Basil na Biyu, wanda ya yi mulki daga 976 zuwa 1025, a littafin zaburarsa da ke birnin Benis na Italiya, da zanen Yusha'u a bangon gidan ibadar Hosiyos Lukas a Girka, duk suna nuna waɗannan abubuwa dalla-dalla. Mai zanen da ya sa ƙusa inda ƙusa take da amfani, ya ga sulken da idonsa.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na hannu. Ina yanka kwali mai kauri, faɗi santimita 3, tsawo santimita 7, in huda shi yadda hoton ya nuna, in ɗaure layi uku. Idan ramukan na gaskiya ne, layukan za su shige cikin juna mutum ya iya sunkuyawa. Idan ado ne kawai, abin zai sandare ko ya buɗe baki a tsakani. Matsala tana yawan fitowa a kafaɗa, inda mai zane ke rufe mahaɗa da alkyabba; abin da ke ƙarƙashinta hoto ba zai faɗa ba.

Sai a gwama da rubutu. Littafin dabarun yaƙi na Sarki Nikiforos Fokas, na wajen 965, ya ce dakarun ƙasa su sa kabadiyon, rigar auduga mai kauri irin lifidi, da hular gashi mai kauri da rawani a kanta. Wannan shiga da wuya ka gan ta a jikin waliyyi, domin ba a zana su da kayan talakan soja. Haka kwalkwali: ana cire shi don fuska ta fito, ba wai ana shiga fage kai a buɗe ba ne. Launin zinare ma na daraja ne. Kada a ce duk sulken tagulla ne.

Ƙananan abubuwa sun fi saurin bin zamani. Garkuwa mai tsini a ƙasa tana bayyana a zanen ƙarni na 11, tana maye gurbin zagayayya. Ina kuma duba ko takobin na rataye da hamila ne daga kafaɗa ko a ɗamara yake, don littattafan yaƙi sun bambanta su. Zanen cocin Kora a Istanbul, na wajen 1320, yana da kyau matuƙa, amma sulkensa cakuɗe yake da ƙawa iri-iri, don haka da shi nake nazarin takobi da takalmi, ƙirji kuwa sai in nemi zanen da ya girme shi.