Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tuwon Auta Ya Koma Kafin Magariba

Makon jiya na tsaya a ranar da na kai Auta asibiti, yana ɗan shekara 5, bayan mun kwashe wata 4 muna fama da tarin dare. Kwalaben maganin tari har sun cika mini bakin taga. Ashe daga ciki abin yake tasowa.

Likitar ta zana mini a bayan kati. Ta ce a inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da bakin jaka mai zariya, abinci na wucewa sai ta tsuke. In ta saki ba a kan lokaci ba, ruwan tsamin da ke narkar da abinci sai ya hauro, yana ƙuna har maƙogwaro. Babba zai ce ƙwannafi ke damunsa. Auta kuwa cewa yake, "Umma, akwai wuta a wuyana." Sau nawa na ce masa shagwaɓa ce! Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Na tambaye ta ko tumbuɗin da ya yi yana jariri ne ya dawo. Ta ce tumbuɗi yawancin jarirai na yin sa, ya fi yawa wajen wata 4, kuma kafin shekara ko jim kaɗan bayanta yakan tafi da kansa. Na Auta sai an gyara ci da kwanciya. Ta ja mini kunne cewa in na ga jini ko kore a amansa, ko ya fara rama, ko haɗiya ta gagare shi, in dawo da shi ba jira.

Gyaran ci ya fi sauƙi a baki. A gidanmu sai an idar da isha'i ake zama cin tuwo, yara na suɗe hannu sai shimfiɗa. Ga likita ta ce a bar awa 3 tsakanin cin dare da barci. Na koma ɗora tukunya tun la'asar sakaliya, in kwashe wa Auta nasa kafin magariba, da miyar kuka ko kuɓewa wadda na ɗiba tun ban zuba attaruhu ba. Ranar farko kuka ya yi ta yi, wai an ware shi. Sai yayarsa ta ɗauko kwanonta ta zauna kusa da shi, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Na samu tsohon littafin makaranta ina rubuta abin da ya ci da yadda ya kwana. Cikin mako 3 masu laifin suka bayyana: awara da ƙosai masu maiƙo, zoɓo, kunun tsamiya, lemon kwalba, da miyar dage-dage mai tumatir da yawa. Ayaba, gwanda da dafaffen dankalin Hausa ba sa tayar masa da komai. Na rage masa yawan abinci, yana ci kaɗan-kaɗan sau 5 a wuni. Babansu ya sa bulo a ƙafafun gadon ta wajen kai, domin tara matashi lanƙwasa ciki yake yi, abin ya ƙaru.

Inda na fi jin nauyi shi ne wajen Hajiya, mahaifiyar babansu. Kullum da safe sai ta aika a sayo wa "maigidanta" ƙosai, da ta ji batun ƙwannafi kuma ta ce, "Ke 'yar nan, jiƙa masa 'yar kanwa mana, da ita muka girma." Likita ta riga ta hana, ta ce gishirin kanwa ya yi wa yaro yawa. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Hajiya." Da dare na roƙi babansu ya yi mata bayani da kansa. Ta yi kwana 2 ba ta sakar mini fuska ba. A rana ta uku sai ga almajiri da ƙullin ayaba, wai a ba maigida.

Wani dare cikin hunturu na farka firgigit wajen ƙarfe 2, saboda shirun da na ji ya yi yawa. Na haska fitila, na ɗora hannu a ƙirjinsa. Barci yake yi, baki a buɗe, ko tari ɗaya babu. Na yi alwala na yi raka'a biyu.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin bikin ƙanwata a Zariya, inda Auta ya ɓace mini na haɗu da shi a gindin kaskon suya.