Alhamdulillahi, an sauke kaya

Jiya bayan la'asar na kare kundin digirin digirgir kan filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi da ƙwayoyinta ke ɗauke da cajin lantarki, malamai sun sa hannu. Har yanzu jikina bai yarda ba, barci ma ya ƙi zuwa.

An shiga wani hali lokacin sanyin nan, ba sai na ja zancen ba. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne daren da eriyar zafafa filasma ta riƙa tartsatsi a cikin na'urar da muke gwaji da ita, saura kwana biyar lokacin gwajinmu ya ƙare. Maganaɗisu masu ƙarfi ne ke matse filasma ta bakin na'urar biyu, kamar alewar da aka murɗe ledarta nan da can, mu kuma mu zafafa ta da igiyar rediyo daidai da saurin juyawar ƙwayoyin haidirojin da ke cikinta. In eriya ta ƙi, ba zafi, ba awo, ba digiri. Ina zaune a ƙasa sai na tuna MFTF-B, wata babbar na'ura irin tamu a Amurka, wadda aka gama ginawa a 1986 aka rufe ba a ko gwada filasma a cikinta ba. Na ce to, nawa ya zo.

Tsohon injiniyanmu ya riga ya sa rigar sanyi zai tafi gida. Ya dube ni, ya cire ya rataye. Muka kwance eriyar, ya haska mini wani baƙin tabo kamar ƙwayar gero a jikin tangaran ɗin da ke tare wuta. Shi ke nan cutar. Da asuba ta yi, shi da ba Musulmi ba, ya taɓa agogonsa ya ce in je in yi salla, zai tsare famfon zuƙe iska. Baba injiniya, Allah ya saka maka, ya jiɓinci lamarin zuri'arka.

Inna, da ke kwana kan sallaya saboda ni, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kawu na Funtuwa ya hana ni faɗa, amma sai na faɗa: masararsa ya sayar na sami kuɗin jirgi. Allah ya mayar masa ninkin ba ninkin. Uwargida, haƙurinki sai Allah. Allah ya jiƙan mahaifina da bai ga wannan rana ba, ya haskaka kabarinsa.

Masu cewa "wai karatun nan ba ya ƙarewa ne?", ya ƙare, kuma lambata ba ta canza ba.

Inna, Juma'a ta sama ina tafe, a dama mini fura.