Carbi mai 'ya'ya 108 da ibadar asuba a addinin Hindu

Mabiya Hindu masu riƙo da al'ada tun da duku-duku suke fara ibada. Lokacin da suke kira Brahma muhurta yana shiga ne saura awa 1 da minti 36 rana ta fito, tsawonsa minti 48. Wanka tukuna, a sa tufafi masu tsabta, a shimfiɗa tabarmar kusha, wata ciyawa da suke tsarkakewa, ko ƙyallen ulu, a fuskanci gabas. In ibadar almuru ce kuwa, yamma ake kallo.

A ibadar Sandhya, wadda ake yi a irin waɗannan lokuta na asuba da almuru, mutum zai kurɓi ruwa sau uku daga tafin hannun dama, ya daidaita numfashi, sannan ya ɗebi ruwa da hannu biyu ya zuba wa rana sau uku. Wanda ya makara, sai ya ƙara ɗaya na kaffara. Daga nan sai Gayatri, wani baitin addu'a mai gaɓa 24 da ke cikin Rigveda, ɗaya daga tsoffin littattafansu masu tsarki, kashi na 3, waƙa ta 62, baiti na 10. Ana maimaita shi sau 10, ko 28, ko 108.

Wurin jan carbin da ake ƙirga maimaicin da shi, wanda suke kira mala, nan aka fi yin kuskure. Cikin manyan abubuwan bautarsu akwai Shiva da Vishnu: masu bautar Shiva sun fi riƙe na ƙwallon bishiyar rudraksha, na Vishnu kuma na icen tsiron tulsi. Ana ɗora shi a kan yatsan tsakiya na hannun dama, babban yatsa ke jan ƙwayar, manuniya ba ta taɓa shi. Akwai ƙwaya ta 109, meru, wadda ba ta cikin lissafi kuma ba a tsallake ta. Da an iso ta sai a juya carbin a koma baya.

Sauri ne babbar matsala. Da yatsa ya riga harshe, gaɓoɓi sai su fara zubewa, a cika 108 a hannu, baki bai yi rabinsu ba. A ganina 28 a tsanake ya fi 108 a guje. Gyangyaɗi kuwa yawanci daga zama yake zuwa: da baya ya lanƙwashe, numfashi ya gajarta, sai barci. Ɗan matashin zama a ƙarƙashin ƙugu, gwiwoyi su sauka ƙasa da ƙugun, yana maganin wannan. In tunani ya tsere, masu koyarwa kan ce a ɗan ɗaga murya har kunne ya ji, sannan a koma raɗa.